Ranar da Tarwada Ta Zo Mini ta Baya

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na shiga korama da ƙafafuna ba. Ko na so in manta ma, matan Matameye ba za su bar ni ba, don har gobe in na ratsa layin masu kifi a kasuwa sai na ji wata ta yi tari irin wanda ba na mura ba.

Sai kun san ko ni wace ce kafin ku gane girman abin. Ni ba a wasa da ni. Tabarmata a bakin zaure take, kuma babu yarinyar da za ta wuce ƙofar gidanmu kanta a buɗe ban kira ta ba. "Ke, rufe kanki, akwai maza a hanya." Ko ƴar wane ce sai ta rufe. Matan aure in sun hango ni sai su rage murya. Na san sunan da suke kirana da shi a bayan idona, wai Inna Jandarma (sun ɗauka ban sani ba, ni kuwa ko a jikina, jandarma ai ɗan sanda ne, ba ɓarawo ba).

To a ƙarshen bazarar shekarar nan Malam, maigidana, ya kwanta. Zazzaɓi ne ya kama shi ya jijjiga shi, da ya tashi sauka sai ya tafi da cin abincinsa. Na dama kunun tsamiya, ya kurɓa ya ture. Na dama fura da nono mai kyau, ya kawar da kai. Na yanka kazata mai ƙwai, wadda ko mai dawowa daga Makka ban yanka wa ba, ya shinshina ya juya fuska ga bango. Mutumin da ke share akushi ya nemi ƙari, ya koma in na ɗaga shi zai yi alwala kamar na ɗaga damin kara. Majo, ma'aikacin jinya na asibiti, ya gaya mini ƙiri-ƙiri, "Inna, allura da ƙwaya sun yi nasu. In tsohon nan bai ci abinci ba, mu dabararmu ta ƙare."

Wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa sai ya ce, murya can ƙasa, "Da zan samu romon ɗanyar tarwada, irin wanda innata ke yi mana a Dungu…" Bai ƙarasa ba. Shi ɗan fadama ne, cikin rake da ruwa ya tashi. Ni kuwa ƴar tudu ce, ruwan da na sani na rijiya ne da na randa.

Na sayo banda, ya ce hayaƙi. Na sayo kifin ƙanƙara da ake kawowa daga Najeriya, ya ce wannan ya girme shi a mutuwa. Ɗanya yake so, mai motsi. Ga babban tapkin da ke ƙasan hanyar Dungu an hana kamun kifi a cikinsa sai ranar da mai gari ya buɗe, ranar kuwa da sauran nisa. Ƴaƴana maza suna ci-rani a Kano, ba su dawo ba tukuna. Hanya ɗaya ta rage. Kowa ya san in korama ta kawo ruwa ta haɗe da tapkin, kifin da aka samu cikin korama na mai rabo ne, ba mai hana ka. Na ce to shi ke nan. In dai a korama ake samu, Malam zai sha romon nan ko da ni ce zan shiga.

Autata Hadiza, wadda ke koyarwa a lekol, ta zo duba babanta ta tarar ina wanke gurar da na aro a maƙwabta (gura kwando ne dogo na kamun kifi, bakinsa ɗaya, abin da ya shiga ba ya samun hanyar fita). Ta tambaye ni, na gaya mata. Ba ta hana ni ba, ta san ba ta isa ba. Sai ta zauna kusa da ni ta fito da wayarta.

"Inna, duba nan. Wani kifi ne na ƙasar Turawa, somo suke ce masa. A teku yake girma. In lokacin ƙwansa ya yi sai ya kama hanya ya hau kogi, yana fuskantar ruwa, har inda aka ƙyanƙyashe shi. In ruwa ya yi kaɗan ba ya iya wuce duwatsu, sai su taru a ƙasa su jira. In ya yi ƙarfi da yawa su laɓe a gefe. Sai ya zo daidai sannan su hau."

Na duba. Wasu jajayen kifaye ne ke tsalle suna hawa dutse, ruwa na zubowa ta kansu.

"An juya hoton ne," na ce. "Ba a bikin gidan gwaggonki Hurera aka nuna mana mutum na zaro tuwo daga baki yana maida shi kwano ba?"

"Wallahi Inna ba a juya ba. Tarwadarmu ma haka take. Daga tapki take fitowa ta hau sama, ta je cikin ciyawa ta yi ƙwai. Ki tambayi Baba."

"Babanki da ke fama da numfashinsa zan dama da tambayar kifi? Ruwan da na gani da idona ya tafi da amalanke har da bijimin da ke jansa, shi ne kifi zai yi wa gardama? Ruwa ke kawo kifi, yarinya, yadda yake kawo kara da shara."

Ta maida wayarta cikin jaka. Ƴaƴana sun san inda ake tsayawa.

Ruwan farko da aka yi bai taka kara ya karya ba. Duk da haka na ɗauki gura na tafi. Na tarar koramar na rarrafe, ko idon sawu ba ta rufe ba, babu abin da ke motsi a ciki sai ƴan kwaɗi. Na dawo hannu rabbana. Ranar a kwance Malam ya yi sallar la'asar, da ido yake ruku'u. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa, na ce a raina, ko sama ko ƙasa.

Sai aka yi ruwa na gaske, wanda ya wayi gari yana zuba, kuma ya faɗo ranar kasuwar Matameye. Yana tsagaitawa na bar Hadiza wurin babanta, na tari mai amalanke na hau da gurata.

Inda hanyar ta ratsa koramar babu gada, siminti aka shimfiɗa a gadon ruwan motoci na bi ta kai, radiye muke ce masa. Ta gefen ƙasa simintin ya yi dakali, ruwa na faɗawa daga kansa cikin wani rami mai zurfi kafin ya miƙe zuwa tapki. Da na isa ruwan na ta ruri, jawur, yana wucewa da rassan itace. Ba wanda ya kusance shi. Muka zauna a gaɓa har hantsi ya yi, ya rage fushi. Sai na ga jama'a duk sun tashi, maza da mata, da kwanduna da koma da bokitai, sun jeru a bakin dakalin nan ta gefen ƙasa.

Cikinsu har da Hurera, taubashiyata, mace ɗaya tilo a garin nan da ke gaya mini magana ta kwana lafiya.

"A'a! Yau jandarma ta bar ƙofa? Wa zai tsare mana gari?"

"Bakinki ya tsare shi, ai ya fi ƙofar faɗi."

"Na ji jikin Malam. Zo nan kusa da ni, a ramin nan suke taruwa. Ko ki zauna a inuwa, in na kama in ba ki."

"Ni za a yi wa sadakar kifi? Ku dai tsaya nan ku tsinci abin da na bari."

Lissafina mai sauƙi ne. Wadda ke gaba a layin famfo ita ke fara cika tulu. Tunda ruwa daga sama yake zuwa, wadda ta tsaya a sama ita za ta fara tarar kifi. Na ƙyale su na haura sama da radiye ni kaɗai, ina mamakin yadda mutane da yawa haka za su haɗu a kan wauta ɗaya. Na ɗan ɗage zani (ɗan kaɗan, ba irin na su Hurera da suka naɗe nasu har cinya ba), na shiga. Na kafa gura bakinta na kallon inda ruwa ke fitowa, na danne ta da hannu biyu, na ba hanya baya.

Ba a jima ba na ji ta yi nauyi. Na ɗaga da bismillah. Leda ce baƙa da karan dawa. Na zubar na maida. Ta sake nauyi, takalmin roba ne wari ɗaya. Daga nan kashin awaki, tsumma, ɓawon mangwaro, sai wata matacciyar kaza da ta zo ta dube ni da ido ɗaya. Duk sharar da ƙauyukan sama suka tara tun bara, ni na karɓe ta hannu da hannu. Bayana ya riƙe, ƙafafuna suka yi sanyi. Ban fita ba. Duk sanda na ji kamar in fita sai in tuna Malam na ruku'u da ido.

Sau ɗaya na waiga, don na ji ana fal-fal a bayana. Na hango wasu baƙaƙen abubuwa na tsalle daga ramin suna bugun dakalin siminti suna komawa. Ruwan da ke bi ta kan simintin a lokacin ya yi kaɗan, kamar an zuba a faranti, ba su samun abin da za su kama su hau. Mai hankali da ta ga haka ta gane. Ni sai na ce, lallai waɗannan su ne suka kuɓuce mini ta gefe. Na ja gura na ƙara shiga tsakiya don in tare hanyar da kyau. Kuma na yi alkawari ba zan ƙara waigawa ba, kada Hurera ta ce ina leƙen nasu.

Can sai muryar ruwan ta canja. Ashe an yi wani ruwan a ƙauyukan sama, yanzu ya iso. Daga gwiwa na ji shi a cinya, da sanyi da nauyi. Ya cika ramin nan, ya shafe dakalin, sama da ƙasa suka zama hanya ɗaya. Ni ban gani ba, bayana ke wurin. Na dai ji ihu ya tashi, muryar Hurera a sama da ta kowa.

"Sun hau! Sun hau! Jandarma, sun hau!"

Na ɗauka fasinja take nufi. Na ce a raina, su hau mana, motar ubana ce?

Abu ya buge ni a ƙwauri ta baya. Wani ya goge ni a gwiwa. Kafin in ce me, ruwan da ke kewaye da ni ya yi baƙi, suna wuce ni dama da hagu kamar an tashi daga Idi, duk sun nufi sama, suna bi ta gefen gurata da ta ba su ƙeya. Sai wani abu mai sanyi, mai santsi, mai kaurin taɓarya, ya shigo ta ƙarƙashin zanina ya yi sama.

Jama'a, ni da ban taɓa ɗaga murya a titi ba sai don gyaran tarbiyya, na kurma ihun da aka ce an ji shi har cikin gonakin rake. "Maciji! Wayyo Allah, kada! Wayyo innata!" (Innata da ta rasu tun ina goyon fari.) Na saki gura, ƙafata ta zame, na zauna jagwab cikin ruwa har wuya. Ɗankwalina ya kama hanyar tapki.

A zaunen nan ne abin ya motsa a cinyata, na ji gashin baki. Maciji ba shi da gashin baki. Na matse gwiwoyina gam, na tattaro bakin zani da hannu biyu na ƙulle a kanta. Tana bugu, ina matsewa. Na ce, baiwar Allah, kin shigo ke nan, daga nan sai tukunya.

Ruwa kuwa ya samu abin turawa. Ya juya ni a hankali kamar ƙwarya, ya fuskantar da ni hanya, yana ja na a zaune zuwa radiye. Sai a lokacin na ga abin da ke bayana tun ɗazu. Motocin kasuwa ne jere a gaɓa suna jiran ruwa ya sauka, da amalanke, da babura, da mutanen da suka fito suna kallo. Rabin Matameye da rabin Dungu. Motar da ke kan gaba kuwa, farar Hiyas mai tsagaggen gilashi, ta mijin Hadiza ce.

Surukina! Tun da ya auri ƴata ba mu taɓa haɗa ido ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. In ya zo gaisuwa a zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa, ni kuma in amsa ta bayan labule. Shi ne na gani ya faɗo ruwa da rigarsa ta kasuwa, ya zo ya tsaya a kaina, ya kawar da fuska gefe kamar mai kallon jirgin sama. Hurera ta biyo shi tana haki.

"Gwaggo Hurera," ya ce, "a ce wa Inna ta miƙo hannu."

"Jandarma, an ce ki miƙo hannu."

"Ce masa hannuna da aiki."

"Ta ce hannunta da aiki, ɗana. Ban san irin aikin ba, ban kuma tambaya ba."

"A ce wa Inna don Allah ta saki ko mene ne. Ruwan ƙaruwa yake."

"Ce masa sai dai ruwan ya tafi da mu tare."

Duk wannan muna kusa da juna kamar a tabarma ɗaya, ruwa na shiga mini baki. Yaron kirki. Ya yi wa mutanen motarsa hannu suka jefo igiyar ɗaurin kaya. Ya miƙa wa Hurera, har yanzu idonsa na sama, ta zagaya mini ita ta ƙarƙashin hammata ta ƙulle. Shi da wasu fasinjoji suka ja. Haka aka fito da ni gaɓa a zaune, da baya da baya, gwiwoyi a matse, kamar akuyar da za a ɗora a saman mota.

Ido duk ya dawo kaina. Ina zaune cikin taɓo tsamo-tsamo, furfurata a waje, ƴan kitson da suka rage mini sun miƙe. Sai wata budurwa ta fito daga cikin mutane, ƴar unguwarmu ce, na sha tsayar da ita a ƙofa. Ta cire mayafinta ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabi, ko murmushi babu.

"Inna, rufe kanki, akwai maza."

Da dariya ta yi da ya fi mini sauƙi. Hannuna kuwa ba dama, sai ita ta yafa mini.

Saura fitar da kifi. Hurera ta kira mata suka kewaye ni da zannuwansu, aka turo bokiti ƙarƙashina, aka ɗaga ni tsaye. Na saki. Tarwada ta faɗa bokiti tim, baƙa, ƙatuwa, tana bugun ƙarfe kowa na ji. Hurera ta rangaɗa guɗa. Wani tsoho daga cikin mota ya leƙo ta taga ya ce, "Barka da arziki! Mace aka samu ko namiji?"

Nan dariyar da aka danne ta fashe, har da masu babura, har da mai amalanken da ya kawo ni. Na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba. Sai na gyara mayafin aro, na ɗauki bokitina da kaina, na ce wa Hurera ta ce wa mai mota ina sauri.

A gidan gaba aka sa ni, bokiti a cinya. Da ruwa ya sauka muka ratsa. Daga nan har ƙofar gida shi yana kallon tagarsa ina kallon tawa, babu mai magana sai tarwada.

Ko wanka ban tsaya yi ba. Na goge santsinta da toka, na yanka, na ɗora da daddawa da citta da masoro da ɗan tattasai. Ƙamshin na shiga ɗaki na ji Malam ya yi gyaran murya. Hadiza ta tallafe shi ya zauna. Ya karɓi kwanon da hannunsa, ya kurɓa. Ya rufe ido. Ya sake kurɓa. Ni ina tsaye ina riƙe da ludayi, numfashi ma a hankali nake yi kada in kore shi. Ya shanye, ya sa yatsa ya ɗauki tsoka.

"Wa ya kamo?"

Hadiza, wadda mijinta ya riga ya yi wa raɗa a zaure, ta toshe baki ta fice da gudu.

"Ruwa ya kawo," na ce.

"Ruwa ba ya kawo tarwada," in ji Malam. "Ita ke zuwa da kanta." Ya miƙo kwanon. "Ƙaro mini. Ki sa kan. In akwai sauran tuwo a ɗumama."

Na fita tsakar gida da kwanon, na tsaya bayan rumbu inda ba mai ganina, na share idona da mayafin ƴar mutane.

Kafin gero ya yi kai Malam ya koma masallaci da ƙafarsa. A can aka ba shi labarin, da ƙari da gishiri. Ya dawo yana dafa bango, na zabura na ɗauka jikin ne ya tashi, ashe dariya ce ta hana shi tafiya.

Abin da na koya guda biyu ne, kuma kyauta zan ba ku. In kin ga jama'a duk sun tsaya gefe ɗaya ke kaɗai kina ɗaya gefen, kafin ki kira su wawaye ki tambaye su abin da suka gani. Na biyun kuma, ko shekarunki nawa, in za ki shiga korama ki sa wando a ƙarƙashin zani.